Ido a Kan Tukunya

Idan magariba ta kawo jiki a ƙauyukan arewacin ƙasar Biyetinam, akan shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, a ɗora mata wani babban tire mai fasalin faifai. A kan tiren akwai kwanon romo, da farantin dafaffen ganye, da ɗan kifi ko nama da aka yayyanka ƙanana, sai wani ƙaramin kwano a tsakiya mai ɗauke da ruwan kifin da aka tsima da gishiri, wanda suke kira nuoc mam. Tukunyar shinkafa tana gefe, kusa da uwar gida ko matar ɗa. Kowa yana da ɗan kwanonsa da 'yan tsinkaye biyu na gora ko na katako, waɗanda suke ɗaukar abinci da su a madadin cokali. Abinci ya haɗu, kowa yana jin yunwa, amma ba wanda ya miƙa hannu. Sai ƙaramin yaron gidan ya buɗe baki ya gayyaci kakansa ga ci, sannan kakarsa, da mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da yayyensa, daga babba zuwa ƙarami, kowa da sunan girmamawar da ya dace da shi. Yayyen su ma su gayyaci na gaba da su. Sai dattijon gidan ya ɗauki tsinkayensa, saura su biyo baya.

Wannan ɗan jinkiri da ke tsakanin saukar tire da loma ta farko ya ƙunshi wata tambaya da ta fi ƙarfin gida ɗaya ko ƙasa ɗaya. Dokokin da mutane ke gindaya wa kansu a gaban abinci, shin wani yanki ne na kyawun hali, ko kuwa ado ne da camfi da tsoron bakin mutane? Idan kuma wasunsu suna da tushe a ɗabi'a, wasu ba su da shi, da wane ma'auni za a rarrabe su? Amsar da za a bayar ita ce za ta nuna abin da ya wajaba a kan baƙon da ya zauna a tabarmar wasu, da abin da 'ya'ya ya kamata su riƙe ko su saki daga abin da suka tarar a gidan iyayensu.

Biyetinam wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya, domin al'umma ce da ta ɗauki cin abinci a matsayin darasi. Mutanenta, waɗanda yawansu ya kai miliyan 100, sun gina rayuwarsu a kan noman shinkafa a fadamun Jan Kogi a arewa da na kogin Mekong a kudu. A harshensu kalma ɗaya ce ke nufin dafaffiyar shinkafa da kuma abinci gaba ɗaya, kuma tambayar ko mutum ya ci shinkafa tana cikin gaisuwarsu ta yau da kullum. Suna da karin maganar da ke jera abubuwan da yaro zai koya a duniya, ta sa koyon ci a farko, koyon magana a bayansa. Jariri ma ya iya kai abu baki, saboda haka abin da ake nufi shi ne yaro ya koyi ci a gaban mutane.

Idan aka tattara dokokin cin nasu za a ga sun kasu uku. Akwai waɗanda suka shafi hannun mai ci da kwanon tarayya. Akwai waɗanda suka shafi matattu da sa'a da rashinta, wato waɗanda Bahaushe zai kira camfi kai tsaye. Akwai kuma waɗanda suka shafi girma da matsayi, wato wa zai fara, wa zai zauna a ina, wa zai jira. Kowane kashi yana da nasa hukunci, kuma kuskuren da akan yi shi ne a haɗa su duka a yaba ko a kushe.

Kashi na farko shi ne mafi yawa. Ba a tona faranti ana neman tsoka mai kyau. Yankan da tsinkenka ya taɓa shi ne naka. Ba a ɗauko abu daga farantin tarayya a kai shi baki kai tsaye, sai an fara ajiye shi a ɗan kwanon da ke hannu. Ba a mayar da abin da aka gutsura cikin ruwan kifin da kowa ke dangwala. Wanda zai ɗauko wa wani yanka yakan juya tsinkayensa, ya ɗauka da ƙarshen da bai shiga bakinsa ba. Ba a nace wa faranti ɗaya don ya fi daɗi. Ba a barin ƙwayar shinkafa a kwano, domin suna kiranta lu'ulu'un sama. Abin da za a miƙa wa babba da hannu biyu ake miƙa shi, kuma a gidaje da dama na arewa, idan an gama, yaro ne ke kawo wa manya tsinken sakace da ruwan shayi.

Asalin waɗannan dokoki yana cikin fasalin tiren kansa. Inda aka raba wa kowa farantinsa, an gama shari'a tun a madafi, mai ci ba shi da sauran hukuncin da zai yanke. A tiren Biyetinam shinkafa kaɗai ake zuba wa mutum a kwanonsa. Kifi da nama da ganye na kowa ne, ba a yi musu iyaka ba, ba kuma wanda aka naɗa ya tsare su. Idan yankan nama takwas ne, masu ci shida, ba wanda zai faɗi lissafin da baki, amma kowa ya yi shi a zuci. Ido ba mudu ba, ya san kima. Duk lomar da mutum ya ɗauka ya rage rabon wani da ke kallonsa, wanda kuma kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Ke nan sau biyu ko uku a yini ana ba kowane ɗan gida damar ya yi zalunci ƙarami wanda ba mai tuhumarsa, ana kuma jiran a ga ko zai yi. Samun makarantar adalci da ta fi wannan yawan jarrabawa zai yi wuya.

Wannan tarbiyya a cikin rashi ta girma. Daga ƙarshen 1944 zuwa tsakiyar 1945 yunwa ta auka wa arewacin ƙasar. Mahukuntan Faransa da sojojin Japan sun tilasta wa manoma sayar musu da shinkafa a kan farashin da suka yanka, an sa wasu sun shuka tsiron da ake saƙa buhu da shi a gonakin abinci, jiragen yaƙin Amurka sun lalata hanyoyin da ake kawo hatsi daga kudu, ga guguwa da ambaliya sun cinye amfanin gona. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu 400 zuwa miliyan 2. Bayan ayyana 'yancin kai a ranar 2 ga Satumba 1945, Ho Chi Minh ya roƙi jama'a kowa ya haƙura da ci ɗaya a duk kwana 10, a tara shinkafar a ba mayunwata. Daga baya aka yi shekaru ana yaƙi, sannan aka shiga zamanin katin rabo, wanda ya ɗore har zuwa sauye-sauyen tattalin arziki da aka fara a 1986. Kakannin da ke zaune a kan tabarma a yau sun san abin da ake nufi da tukunyar da ba za ta ishi gida ba.

Daga nan ne karin maganarsu da ta fi shahara a wannan fage ta sami nauyinta. Tana cewa mai ci ya riƙa duban tukunya, mai zama ya riƙa duban inda ya sa gaba. Kafin ka miƙa kwano a ƙara maka, dubi abin da ya rage da yawan waɗanda ba su ƙoshi ba. Dubawar kuma ta ɓangare biyu ce. Wadda ke zaune kusa da tukunya tana cin nata a hankali, idonta a kan kwanukan jama'a, don kada baƙo ko tsoho ya kai ga roƙon ƙari. Ita ta san gaskiyar abin da ya rage, kuma idan abin ya gaza, ita ce za ta ce ta ƙoshi, ta kankare ƙanzo. Masu ci suna kallon tukunya saboda ita, ita kuma tana kallon kwanukansu saboda su. Hausa tana da sunaye ga wannan hali: kara da kawaici.

Marubuci Kim Lan ya nuna iyakar inda wannan hali ke kaiwa a wani gajeren labarinsa da ake karantarwa a makarantun ƙasar, wanda ya gina a kan yunwar 1945. Wani matalauci ya kawo mace gida a matsayin mata, bayan ya saya mata 'yan kwanukan abinci a kasuwa. Da safe mahaifiyarsa ta kawo wa amarya kunun dusa, tana yabonsa da fara'a kamar wani abin marmari. Amarya ta dubi kwanon, ta gane abin da ke ciki, ta kai baki ta ci ba ta ce komai ba. Tsohuwar ta san dusa ce, amaryar ma ta sani. Abin da kowace ta yi shi ne ta ƙi tona asirin 'yar'uwarta. Wanda ke cewa ladabi kayan ado ne na masu ƙoshi sai ya dubi wannan kwano, domin a gidan ba abin da ya rage sai ladabin, kuma shi ya hana mutum uku komawa dabbobi a gaban abinci. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kashi na biyu ya fi wuyar karewa. Babban abin ƙi a tiren Biyetinam shi ne a soke tsinkaye a tsaye cikin kwanon shinkafa. Dalili shi ne kusan kowane gida yana da wani teburi na tunawa da kakanni, inda ake kafa turaren tsinke a tsaye cikin kasko, kuma a al'adar jana'izarsu akan ɗora wa mamaci kwanon shinkafa da dafaffen ƙwai, a soke tsinkaye a ciki. Haka nan ba a zuba wa mai rai shinkafa da ɗiba ɗaya tak, sai an ƙara ko da kaɗan ne, domin ɗiba ɗaya ta matattu ce. Ba a kaɗa kwano da tsinke, wai yana kiran kurwoyin da ke yawo da yunwa, waɗanda ba su da dangin da za su tuna da su, waɗanda akan ajiye wa kunu da gishiri a ƙofar gida a wata na bakwai na kalandarsu ta wata. A garuruwan masunta da ke bakin teku ba a juya kifi a faranti idan an cinye gefe ɗaya, sai dai a ɗage ƙashin bayansa a ci na ƙasa, don kada jirgin wanda ya fita kamun kifi ya kife.

Mai hankali zai ce, kuma da gaskiyarsa, babu wata igiya da ta haɗa kifin da ke faranti da jirgin da ke teku. Jirgi yana kifewa ne saboda iska da igiyar ruwa da ruɓewar katako. Tsinken da aka soke a shinkafa bai taɓa kashe kowa ba. Zai ƙara da cewa koya wa yaro tsoron abin da babu shi ha'inci ne ko da niyyar ta yi kyau, kuma ranar da yaron ya gane babu kurwar da ke zuwa, zai yi watsi da dokar tare da sauran dokokin da aka koya masa da murya ɗaya. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ban ga amfanin kare camfi ta hanyar ƙirƙiro masa hikimar da masu shi ba su ce yana da ita ba.

Sai dai tambayar da ke gaban mai zama a tabarma dabam take da tambayar ko camfin gaskiya ne. A ɗauka ɗalibi ne baƙo, wanda bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba, abokin karatunsa ya kai shi gidansu a bakin teku. An kawo kifi, an faɗa masa al'adar gidan. Idan ya juya kifin don ya nuna shi ba ya tsoron tatsuniya, me ya aikata? Jirgi ba zai kife ba. Amma a gefensa akwai tsohuwar da ɗanta yake kan ruwa a daren nan, wadda ta san gidajen da mazansu suka fita ba su dawo ba, kuma ya sa ta kwana da faɗuwar gaba. Cutar da ya yi ta tabbata, ko da dalilin tsoron bai tabbata ba. Haka wanda ya soke tsinkaye a shinkafa a gidan da aka yi rashi bara: ya zana musu hoton ranar jana'iza a tsakiyar abincin dare. Tsinke a tsaye kalma ce a harshen gidan, ma'anarta mutuwa, kuma mutum ba ya furta mummunar kalma a gidan mutane sannan ya kare kansa da cewa haruffa ba su da dafi.

Akwai iyaka a nan da ya kamata a tsaya a kanta. Ba a nemi baƙon ya gaskata komai ba, ba a kuma nemi ya yi wa kowa bauta ba. An nemi ya bar wani abu da barinsa ba zai rage shi da komai ba. Da za a ce ya ci abin da addininsa ya hana, ko ya durƙusa wa abin da bai yarda da shi ba, sai ya ba da haƙuri cikin ladabi, kuma mai gida na gari zai karɓa, tun da su ma suna da karin maganar da ke cewa gaisuwa ta fi tiren biki daraja, kamar yadda muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tsakanin barin juya kifi da sayar da aƙida akwai tazara mai nisa, kuma wanda ya kasa ganinta yana kiran taurin kansa gaskiya ne kawai. Game da 'ya'yan gidan kuwa, ina ganin gara a faɗa musu dalilin da zai rayu bayan tsoron ya mutu: kada ka kaɗa kwano domin kana damun masu ci, kana kuma yi wa mai dafawa gaggawa kamar baiwarka, kada ka soke tsinke domin kakarka za ta tuna da wanda ta binne.

Kashi na uku shi ne inda ladabin ya fi kyan gani, shi ne kuma inda ya fi haɗari. Biyetinam ta yi kimanin shekara dubu a ƙarƙashin mulkin Sin kafin ta ƙwaci kanta a 938, kuma koyarwar Konfushiyas, wadda ta jera mutane daki-daki, sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, ta yi saiwa a cikinta. A ƙauyukan da, idan ana biki a zauren gari, akwai tabarmar sama da tabarmar ƙasa, kuma inda aka zaunar da mutum da yankan da aka ba shi su ne shaidar matsayinsa. Har suna da karin maganar da ke cewa loma ɗaya a tsakiyar gari ta kai cikin faifai a lungun madafi. Marubuci Ngo Tat To, a rubuce-rubucensa na 1940 a kan al'adun ƙauye, ya nuna yadda talakawa ke cin bashi su sayar da abin hannunsu don su biya bikin da al'ada ta ɗora musu, da yadda ake rigima a kan rabon nama.

Nam Cao, wanda ya yi rubutu a farkon shekarun 1940, ya shigo da wannan suka har cikin gida. A wani labarinsa wani magidanci matalauci ya samo naman kare, wanda wasu ke ci a can, ya tara abokansa suna ci suna sha, matarsa da 'ya'yansa suna madafi suna jiran a sauko musu da saura kamar yadda tsari ya tanada. Da tiren ya sauko, ba komai a kai sai kwanukan da aka suɗe. Sunan labarin kansa doka ce irin ta tire, wai yara ba sa cin naman kare, kuma mai karatu yana gamawa zai gane wanda dokar ta yi wa aiki. A wani labarin nasa, wata tsohuwa da yunwa ta gallaba ta je gidan masu hali inda jikarta ke aikatau, ta daidaici lokacin ci. An ba ta, ana harararta, ta ci har ta kankare tukunya, ta koma gida cikinta ya ɓaci, ta mutu. Uwar gidan kuma ta mayar da mutuwar darasin da take ba 'yan aikinta a kan illar zalama. Tsohuwar ta karya kowace doka ta tire, amma ba mai karatun da zai ɗora mata laifi.

Har yau ana muhawara a ƙasar a kan gidajen da, ranar biki ko ranar tunawa da mamaci, mata ke yini suna girki, maza su zauna a tire na sama, su kuma su ci a ƙasa ko a madafi bayan an gama. Akwai tsohuwar magana a can da ke cewa namiji ya ci kamar damisa, mace ta ci kamar kyanwa. Ita ma mai zama kusa da tukunya, wadda na yaba a baya, dole a sake dubanta. Idan uwa ce ta zaɓi ƙanzo don 'ya'yanta su ƙoshi, wannan kyauta ce. Idan kuwa matar ɗa ce da aka ajiye a wurin shekara da shekaru, tana tashi da yunwa ba wanda ya taɓa lura, to an karɓi kyautar da ƙarfi, kuma ba ta zama kyauta ba.

A nan ma'aunin da ake nema ya fito. Idan aka kawo maka wata doka ta cin abinci, daga Biyetinam ko daga ko'ina, ka tambaya hannun wa take riƙewa, kuma wa ke tashi da yunwa idan an bi ta. Dokar da ke riƙe hannun mai ƙarfi da mai sauri da mai haɗama don mai rauni ya samu, wannan ɗabi'a ce, ko da an naɗe ta cikin tatsuniyar kurwa. Dokar da ke riƙe hannun mai rauni don mai ƙarfi ya cika cikinsa, wannan zalunci ne, ko da an kira ta girmama manya, ko da ta shekara dubu. Wadda kuma ba ta hana kowa ƙoshi ba, illa tana kare zuciyar wani daga baƙin ciki, a bi ta don mutunci, ba sai an gaskata dalilinta ba.

Idan aka ɗora gayyatar da yaro ke yi wa kakansa a kan wannan ma'auni, za a ga hukuncinta ya dogara ga abin da kakan zai yi bayan ya ɗauki tsinke. A gidan da tsari ke da rai, dattijon yakan ɗauko yanka mafi laushi ya sa a kwanon ƙaramin jikansa, ɗa kuma ya cire wa tsohuwarsa ƙayar kifi ya ajiye mata tsokar. An ba babba damar farawa ne domin ya zama mai rabo. Suna ma da karin maganar da ke cewa ko aradu tana kauce wa lokacin ci, ma'ana ba a yi wa yaro faɗa ko duka yana cin abinci, kuma wannan doka ce da aka ɗaura wa manya. Tuwon girma miyarsa nama, in ji Hausawa. Magidancin labarin Nam Cao ya karɓi girman, ya ƙi biyan kuɗinsa, kuma dokar da ta ba shi damar farawa ita ce ta fi kowa kama shi da laifi.

Saura zargin munafunci. A arewacin Biyetinam, idan mutum ya shigo ya tarar ana ci, dole a gayyace shi, shi kuma yawanci ya gode ya ce ya riga ya ci. Mutanen kudu, waɗanda aka sani da sakin jiki a wajen ci, sukan yi wa na arewa ba'a a kan gayyatar da ba a son a amsa. Bahaushen da ya taɓa cewa bismilla ga mai wucewa alhali abincin bai ishe shi ba ya san wannan hali. Ban ɗauke shi ƙarya ba, domin ɓangarorin biyu sun san ma'anarsa, kuma ba a yaudarar wanda ya san abin da ake nufi. Mai gayyata yana cewa na gan ka, ba zan ci kamar ba ka nan ba. Mai ƙin amsawa yana cewa na ga tukunyarka. Kuma ƙofar a buɗe take da gaske: ranar da mai wucewar ya kasance yunwa ta ci ƙarfinsa ya zauna, wanda ya furta gayyatar ba shi da hanyar janye ta.

Yau Biyetinam ta fita daga zamanin katin rabo. Tun 1989 take sayar da shinkafa ga ƙasashen waje, kuma tana cikin manyan masu fitar da ita a duniya tare da Indiya da Tailan. A Hanoi da birnin Ho Chi Minh ma'aikata da ɗalibai da yawa suna cin farantinsu su kaɗai a shagon abinci, kowa a lokacin da ya samu. Ana iya cewa tun da tukunya ta cika, dubanta ya zama aikin banza, kuma faranti ɗaya ga mutum ɗaya ya fi tsabta, ya kuma 'yantar da matar ɗa daga gefen tukunya. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan yi kukan tabarmar ƙasa ba idan ta tafi. Amma yalwar shinkafa ba ta kawar da rabo daga rayuwar mutane ba. Gado ana raba shi, ruwan kogi ana raba shi, dukiyar hukuma ana raba ta, kuma a kowane ɗaya akwai mai dogon hannu da mai kunyar magana. Yaron da ya girma bai taɓa tsayar da tsinkensa a kan yanka na ƙarshe ba don ya ga ƙanwarsa ba ta samu ba, a ina zai koyi tsayar da hannunsa ranar da aka ba shi ajiyar jama'a?

Saboda haka abin da nake ganin ya cancanci a riƙe daga tiren Biyetinam shi ne tarayyar da ke tilasta wa mai ci ya yi lissafi da wasu, da ɗan jinkirin nan kafin loma ta farko, inda ake kiran kowa da sunansa. A bar tsinke a kwance saboda masu makoki, a bar kifi yadda yake saboda matan masunta. Tire na sama da na ƙasa kuwa a haɗe su, kuma wurin zaman da ke kusa da tukunya ya riƙa zagayawa, ɗa namiji ma ya zauna a wurin wata rana, ya zuba wa kowa, ya ga da idonsa abin da ke saura wa wanda ya ci a ƙarshe.